Maƙogwaron Kwana-Nesa

To, ku gyara zama, ga wata na zo muku da ita, kuma ba irin wadda ake ji a yi dariya a watse ba ce. Sai kun yanke mini hukunci kafin kowa ya tashi. Kai Bagudu, sa wayar nan a aljihu, ko in karɓe ta in zauna a kanta. Maganar suna ce. Jibi za a raɗa wa wani jariri suna a Tudun Marke, rago na ɗaure, an sayo goro, an gaya wa liman, amma har yanzu ba wanda ya san sunan da za a raɗa. Mutum uku ne suka cancanci a yi musu takwara, yaro kuwa ɗaya ne tal. Ni aka ɗora wa alƙalanci wai don na fi kowa furfura, kuma wallahi abin ya fi ƙarfina.

Wanda bai san Tudun Marke ba, ƙauye ne mai albarka, sai dai akwai rafi tsakaninsa da gari, kuma babu gada. Da rani yashi ne zalla, ko akuya ta wuce. Da damina ruwa yakan kai gwiwa. Ruwan ma ba shi ne abin tsoro ba, gaɓar can ta wajen gari ita ce masifar. Kana fitowa daga ruwa sai hawa, ga tsayi, ga laka, ga santsi. Ba ka isa ka shiga ruwa da gudu ba, don inji zai sha ruwa ya mutu, ba ka kuma isa ka hau gaɓar nan da sanyin jiki ba. Dole ka bi ruwa a hankali, tayoyin gaba na taɓa tudu ka ba ta wuta, ita kuma ta amsa maka nan take. In ta yi jinkiri ko na ƙiftawar ido ne, baya za ta zame da kai.

Mota ɗaya ce a ƙauyen, ta aminina marigayi Isiya Direba, Allah ya jiƙansa. Tare muka yi karen mota, tare muka kama sitiyari. Doguwa ce mai ɗaukar mutane da kaya a baya. Ya sa aka rubuta mata "Sannu Sannu Kwana Nesa" a gilashin baya, mutane suka gajarta suka koma ce mata Kwana-Nesa, kuma ta ci sunanta. Ba ta taɓa barin kowa a daji ba, amma fa ba ta san gaggawa ba. In ka taka totur sai ta yi shiru tukuna, kamar tsohuwar da aka ce ta taso ta yi baƙi, ta yi tunani, ta yi gyaran murya, sannan ta motsa. Tana ƙara tsufa, tunanin na ƙara tsawo.

Isiya ya rasu ya bar matarsa Inna Gaje da 'ya'ya huɗu. Babban shi ne Ɗayyabu, bakanike, mai baƙin hannu da gajen haƙuri. Mai bi masa Lurwanu, maƙerin fari, mai ƙera zobba da awarwaro, wanda in ka gaishe shi da safe sai hantsi ya amsa maka. Na uku Hudu, shi ya gaji sitiyari, barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai autarsu Barira, wadda duk su ukun suka goya, suka shagwaɓa ta, har ta yi aure ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya a cikinsu. Sabi'u tela ta aura nan cikin ƙauye, yaron kirki ne.

Daminar bara waccan Barira ta tashi da naƙudar fari, abu ya ƙi, ungozoma ta ce sai asibiti. Hudu ya ɗauko Kwana-Nesa, ya bi ruwa lafiya, ya zo gaɓa ya taka. Mota ta tsaya tunaninta na kullum, ta zame baya, inji ya sha ruwa ya mutu. Kafin a tara majiya ƙarfi su ɗauki Barira a kan ƙyaure su hau da ita, a tari wata motar a bakin titi, rana ta yi nisa. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, ɗan kuwa bai zo da rai ba. Da idona na ga Hudu zaune cikin laka ya rungume tayar mota yana kuka, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

Bana Allah ya sake ba ta ciki, kuma lissafi ya nuna a tsakiyar damina za ta sauka. A wajen awo aka ja mata kunne kada ta kuskura ta haihu a gida. Aka shirya in watan haihuwa ya kama a kai ta gari ta zauna wajen yayar mijinta. Amma Inna Gaje ta tara 'ya'yanta ta ce, "Haihuwa ba ta turo ɗan aike. In ta zo kafin ranar taku fa?" Sai Sabi'u, shi da ko ido ba ya ɗagawa a gaban surukai, ya buɗe baki a gaban kowa ya ce, "Duk wanda ya yi sanadin matata ta hau gaɓar nan lafiya, in Allah ya ba ni namiji, sunansa zan sa masa. Na yi alkawari." Ba wanda ya kula da maganar a lokacin, hankalin kowa na kan mota.

Yanzu ku buɗe kunne, ku da ba ku taɓa leƙa cikin inji ba. Inji numfashi yake yi. Akwai wani bututun ƙarfe da bai wuce bakin kofin shayin nan faɗi ba, ta nan iska ke shiga, mu muna ce masa maƙogwaro. A cikinsa akwai ɗan faifan ƙarfe ɗaure a jikin sanda. In ka taka totur, waya ta ja, faifan ya juya ya buɗe, iska ta kwarara, mai ya biyo ta, inji ya yi ƙarfi. In ka ɗaga ƙafa faifan ya rufe, ya bar 'yar kafa daidai yadda inji zai yi ta numfashi a hankali bai mutu ba, shi muke ce wa silo. Karatun ke nan duka. Wanda bai gane ba ya tambayi na kusa da shi, ni ba na maimaitawa.

Ɗayyabu ne ya gano ciwon. An daɗe ana cewa fulogi ne, ana cewa mai ne mara kyau, an canza wannan an canza wancan. Shi sai ya sa Hudu ya riƙa takawa, ya kanga kunne a jikin inji, har ya ji yadda take jan iska da ƙyar. Ya kwance maƙogwaron, ya tarar baƙar dauɗa ta yi masa kauri, ga kuma wani tudu na ƙarfe a ciki tun daga ƙira yana tare wa iska hanya. Ya wanke shi tas. Da wani ne nan zai tsaya, amma Ɗayyabu ya ce gaɓar Rafin Marke ba ta san wanki ba, sai an buɗa maƙogwaron nan. Ya zaga wajen masu kayan gyara neman wanda ya fi faɗi, bai samu mai shiga ba. Sai ya rufe garejinsa na gari, ya sallami masu kawo aiki, ya zauna da magagari da samfefa. Yana ci yana shafawa da yatsa, yana ci yana leƙawa, ya baje tudun, ya faɗaɗa ramin, ya rage kaurin sandar da faifai ke jiki, ya goge ciki har kana ganin fuskarka. Yatsunsa suka sale har lomar tuwo ta gagare shi, matarsa ta koma dama masa kunu.

Ran da ya mayar aka tayar, kai jama'a! Kwana-Nesa ta yi wata ƙara da ba ta taɓa yi ba, kaji suka watse. Kana taɓa totur ta zabura. Ɗayyabu ya fara buga ƙirji yana cewa a zo a ga aiki. Sai Hudu ya ɗaga ƙafa, mota ta ƙi yin shiru, ta yi ta kururuwa ita kaɗai, ta sauka, ta sake hawa. Dalilin a fili yake: an faɗaɗa maƙogwaro, tsohon faifai ya yi masa kaɗan, ba ya rufewa, iska na shiga ta ko'ina. Ga ƙarfi amma babu silo, motar da ba ta iya tafiya a hankali kuwa ba ta shiga ruwa. Garin neman gira an kusa rasa ido, kuma ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa. Ɗayyabu ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Lurwanu bai san komai a mota ba, ko keke ba ya hawa sai dole. Ya zo ya tsaya yana kallo abinsa. Can ya karɓi maƙogwaron ya ɗaga shi saitin rana, ya ga haske na shigowa ta gefen faifai, ya ce, "Yaya, ai wannan aikin zobe da yatsa ne. Ba ni shi." Ya wuce maƙerarsa. Ƙarfen da ake so sai mai kauri daidai, wanda ba ya tsatsa, zafi kuma ba ya lanƙwasa shi. Ya gwada gindin tsohuwar tukunya ya yi laushi, ya gwada kwanon rufi ya yi siriri. Sai ya tuna da farantin tagulla na Inna Gaje, na kayan aurenta, wanda take gogewa da toka da tsamiya duk sallah, ko jika ba ya taɓawa. Ya san in ya tambaya za a yi dogon zance, shi kuwa ba ya son zance. Ya bari ta tafi barka maƙwabta, ya shiga ya ɗauko.

Kada ku ɗauka yankan da'ira ne kawai. Faifan nan ba a tsaye sak yake rufewa ba, a ɗan karkace yake zama, don haka sai ya ɗan fi tsawo ta gefe ɗaya, bakinsa kuma a fiƙe shi a karkace, in ba haka ba ya cije ya ƙi buɗewa. Wanda ya fara yankawa ya yi kaɗan. Na bayansa ya cije. Faranti ya kusa ƙarewa, saura wuri ɗaya da zai isa. Ya yi bisimilla ya yanka, ya yi ta gogawa yana ɗagawa saitin rana, yana gogawa yana ɗagawa, har hasken da ke zagaye da faifan ya koma kamar silin gashi. Ya huda, ya ɗaure a jikin sanda, ya dake ƙarshen kusoshin don kada wata rana su kwance inji ya haɗiye su.

Yana cikin haka sai ga Inna Gaje a bakin maƙera da muciya a hannu, ta ga gurbin faranti a jerenta. Ta ce, "Kai ja'iri! Farantin da uwata ta ba ni ka yi wa gunduwa-gunduwa?" Lurwanu bai ko ɗago ba ya ce, "Inna, na Auta ne. Na motar da za ta kai ta ne." Muciya ta sauka a hankali. Ta dubi guntayen a ƙasa, ta dube shi, ta ce, "To don me ba ka ɗauki babban ba? Ai ya fi wannan kauri." Ta juya tana goge ido da gefen mayafi. Aka ɗaura aka tayar, Kwana-Nesa ta yi silo lafiya lau, in an taɓa ta zabura, in an sake ta kwanta.

Kun ce an gama ko? Ina! Mota ta canza hali, ƙafar direba ba ta canza ba. Hudu ya saba ya taka har ƙasa ya jira. Ran gwajin farko ya taka irin ta da, mota ta yi tsalle ta shige dangar maƙwabci ta kwashe shanyar kuɓewa, sai da aka je ban haƙuri. Da ya kai ta gaɓa kuma, in ya taka da ƙarfi tayoyi su yi ta juyi suna haƙa rami a laka, in ya sassauta ta zame. Wurin da ake so ɗan tsakani ne, takalmi ba ya jinsa. Sai Hudu ya tuɓe takalmi, ya koma tuƙi da babban yatsa a kan totur. Ya cika ƙwarya da ruwa ya ajiye a kujerar baya, inda Barira za ta kwanta, ya ce ba zai yarda da kansa ba sai ran da ya hau gaɓa ruwan bai zube ba.

Duk ran da aka yi ruwa, mutane na gudu gida, shi yana gangarawa rafi, ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, ba fasinja sai ƙwarya. Ya bi ruwan da ƙafa da sanda har ya san inda dutse yake da inda yashi ke cin taya. Ya bar jigilar kasuwa saboda wannan. Aka fara cewa ɗan Isiya ya taɓu. Ni kaina na je na same shi na ce, "Ɗana, wannan ai wahalar da kai ne." Ya ce, "Baba, sau ɗaya na ji Auta a bayana tana kiran Yaya, ban iya yi mata komai ba. Ba zan ƙara ji ba." Sai na kama masa ƙwarya.

Yadda Inna Gaje ta faɗa haka aka yi. Watan haihuwa bai kama ba, wata safiya bayan an sha ruwa naƙuda ta taso, har da jini. Rafi ya kawo, ya kusa gwiwa. Aka kwantar da Barira a baya, kanta a cinyar Inna, Sabi'u a gaba yana ta salati. Ɗayyabu da Lurwanu suka naɗe wando suka shiga ruwa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ni ina bakin rafi tare da rabin ƙauye.

Hudu ya ajiye takalmansa a kan yashi, ya yi bisimilla. Mota ta shiga ruwa a hankali, ruwa na dukan ƙofa, inji na numfashi daidai, bai hau ba, bai sauka ba, bai yi tari ba. A tsakiyar rafi wani ƙaton reshe ya taho, Hudu ya ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya bar shi ya wuce, faifan Lurwanu ya riƙe mata numfashi. Tayoyin gaba suka taɓa tudu, daidai wurin da aka rasa na fari. Yatsan Hudu ya sauka, bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba, Kwana-Nesa kuwa ba ta yi tunani ba, ba ta yi gyaran murya ba, maƙogwaron Ɗayyabu ya ja iska ta amsa nan take. Ta kama laka, bayanta ya ɗan karkata, Hudu ya sassauta ya ƙara, ta miƙe, ta hau, ta hau, sai muka ga rubutun gilashin baya ya ɓace a kan tudu. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni tsoho da ni na tsinci kaina ina tsalle, har yau ƙuguna bai yafe mini ba.

Inna Gaje ta ba ni labari, ta ce suna hawa Barira ta buɗe ido ta ce, "Yaya, mun wuce wurin?" Hudu ya ce, "Mun wuce, Auta." Daga nan har asibiti hawaye na zuba yana tuƙi. Aka yi mata aiki aka ciro namiji, ɗan ƙarami, amma muryarsa ta fi ta motar. Ma'aikatan suka ce da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Uwa lafiya, ɗa lafiya, alhamdu lillahi.

To sai alkawarin Sabi'u ya taso. Aka tara su ukun. Ɗayyabu ya ce, "Ni da na kusa kashe motar? A ba Lurwanu." Lurwanu ya ce, "Ni faranti kawai na sata. A ba Hudu." Hudu ya ce, "Ƙafar nan ce dai ta bara waccan. Abin da ya canza aikin yayyena ne." Amma kada su ruɗe ku da kawaici, na san su tun suna yawo ba wando. Kowannensu ya zagayo gidana a ɓoye da goro. Ɗayyabu ya ce ya zo duba mini keke, ni da ba ni da keke. Lurwanu ya zauna ya yi shirunsa, da zai tafi ya nuna mini ɗan awarwaron da ya ƙera wa jariri da ragowar farantin. Hudu ya ce hanya ce ta biyo da shi, gidana kuwa a ƙarshen lungu yake. Duk suna so, kuma ba don girma ba, don Auta ce.

Na san abin da ke bakinka, Bagudu, a sa masa sunan marigayi a huta. Isiya uku ne a gidansu, kowanne cikin yayyen ya sa wa ɗan farinsa, in ka kira ɗaya uku ke amsawa. Na tambayi Barira, ta ce, "Baba, wa zan zaɓa a cikin waɗanda suka goya ni?" Na tambayi Inna Gaje, ta ce in na sake kawo mata wannan magana muciyar tana nan. Sabi'u kuwa ya ce a gaban jama'a ya yi alkawari, suna ɗaya ya ambata, kuma ba zai fara tarbiyyar ɗansa da saɓa magana ba.

Da Ɗayyabu bai gano ciwon ba, bai sale yatsunsa ya buɗa maƙogwaron ba, da Kwana-Nesa ta sake tsayawa tunani a bakin gaɓa, faifan zinariya ma ba zai hana ta zamewa ba.

Da Lurwanu bai yanka farantin uwarsa ya goge shi har ya zauna daram ba, da aikin Ɗayyabu ya zama ɓarna, motar ko ruwan ba za ta shiga ba, balle ta ga gaɓa.

Da Hudu bai tuɓe takalmi ya yarda a ce masa mahaukaci ba, da ƙarfin da suka ba ta a laka zai ƙare, Barira na kwance a baya tana kiran Yaya.

Yaro na can naɗe a zane yana jiran a raɗa masa a kunne, rago na jiran wuƙa, kuma jibi da safe liman zai juyo ya dube ni. To, ku gaya mini tsakaninku da Allah: Ɗayyabu, Lurwanu ko Hudu, sunan wa zan faɗa masa?